Mun yi hayar jirgin ruwa mu bakwai ba matuƙi, injin anka ya mutu mana da tsakar dare

Wata biyu ke nan da dawowarmu, amma har yanzu in na ji ƙarar sarƙa tana gogar ƙarfe sai gabana ya faɗi. Na yi ta ɗage rubuta wannan sharhin don ina so zuciyata ta huce tukuna, kada in zalunci kamfanin. Ta ɗan huce, amma da saura.

Hayar da muka yi irin wadda ake miƙa maka jirgi tsurarsa ce, ba matuƙi, ba ma'aikaci ko ɗaya. Kai ne kyaftin, abokanka su ne ma'aikata, duk abin da ya faru a teku yana wuyanka. Jirgi ne mai filafilai, tsawonsa ƙafa 45, ɗaki 4 da banɗaki 2, muka ɗauke shi a wata tasha kusa da Trogir a Kuroshiya, a tsakiyar watan Satumba. Ni ne mai lasisi a cikinmu, ina da takardar tuƙin jirgi ta Day Skipper daga RYA, ƙungiyar harkar tuƙin jiragen ruwa ta Birtaniya, da kuma ICC, takardar shaidar iya tuƙi ta ƙasa da ƙasa. Dokar Kuroshiya ba ta tsaya nan ba, sai an samu mai takardar shaidar amfani da rediyon jirgi a cikin tawagar, kuma babbanmu yana da ita.

Kafin mu biya kuɗi, ofishinsu ba shi da laifi ko kaɗan. Ka aika saƙo da safe, kafin azahar amsa ta zo. Da ɗaya daga cikinmu ya janye saura sati uku, wani ya maye gurbinsa, sun canza sunan a jerin matafiya ba tare da ja-in-ja ba. Su ne ma suka tuna mana cewa kowa ya zo da jaka mai naɗuwa, don akwati mai tauri ba shi da wurin zama a cikin jirgi. Abu ɗaya da na yi wanda har gobe nake gode wa Allah a kansa shi ne maganar kuɗin jingina. Kamfani yana riƙe su ne a katin mutum ɗaya, kuma katina aka riƙe. Tun kafin mu tashi na sa kowa ya rubuta a zaurenmu na WhatsApp cewa duk abin da aka zaftare, kashi bakwai za a raba shi, ko wane ne ya yi ɓarnar. A lokacin wasu sun ga kamar na cika tsanani.

Ranar Asabar ake karɓar jirgi, kuma duk jiragen tashar a ranar suke canza hannu, don haka wurin ya cika maƙil. Sai wajen ƙarfe 5 na yamma aka kira mu. Ma'aikacin da ya zo nuna mana jirgin yana sauri, ga takardun wasu jiragen a hammatarsa. Ya nuna batir, ya nuna tankin ruwa, ya nuna rigunan kariya daga nutsewa, yana magana yana duba agogo. Na ce masa ina so in gwada injin jan anka, wato ƙarfen da ake saki da sarƙa ya kama ƙasan ruwa ya riƙe jirgi. Na saki sarƙa kamar mita 5, na danna maɓallin ɗagowa, ta taso kaɗan, sai injin ya yi shiru. Ya shiga ciki, ya ɗaga wani makunni a bayan allon wuta, ya fito ya ce in sake. Ya yi aiki. Ya ce ba komai ba ne, injin yana jan wuta da yawa, in dai babban injin jirgi yana kunne an ɗan ba shi wuta, ba zai sake yankewa ba. Maganarsa akwai gaskiya a ciki, haka aka koya mana. Na ce to a rubuta a fom ɗin karɓa. Ya ce ba sai an rubuta ba, jirgin jiya ya dawo lafiya lau. Na ɗauka mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, na sa hannu. Wannan sa hannun shi ne abin da ya fi ci mini rai a duk tafiyar.

Kwana uku na farko ba ni da abin cewa sai alheri. Filafilan sababbi ne, sitiyarin ba nauyi, iskar da suke kira maestral tana tasowa daga arewa maso yamma bayan hantsi ta kai mu har la'asar. Muka kwana a tsibirin Šolta, muka tsallaka Vis, tsibirin da sojojin Yugoslabiya suka rufe ga baƙi har 1989, sannan muka zagaya zuwa garin Komiža a ɗaya gefen tsibirin. A duk waɗannan wurare ba mu taɓa anka ba. Ko dai mu shiga tasha da baya a miƙo mana igiyar da aka riga aka kafa a ƙasan ruwa, ko mu ɗaure a jikin tulun da ke saman ruwa, wanda aka kafe igiyarsa a ƙasa. Shi ya sa cutar ta kwanta ba mu sani ba.

Ranar Laraba muka isa tsibiran Pakleni da ke fuskantar garin Hvar, muka shiga wani lungu ta kudu. Hasashen hukumar yanayi ta ƙasar ya ce bura za ta taso cikin dare. Bura iska ce mai sanyi da ke gangarowa daga duwatsun gaɓa ta arewa maso gabas, ba ta zuwa a jere, bugowa take yi ta ɗauke ta sake bugowa. Na zaɓi lungun ne don tsibirin zai tare mana igiyar ruwa. Zurfin wurin mita 10, na saki sarƙa mita 50, na ja da baya da inji har na ji ta kama. Na kunna manhajar da ke ƙara in jirgi ya gusa, muka kwanta.

Ƙarfe 2 da 'yan mintuna wayar ta fara ihu. Na fito, iska ta mare ni a fuska. Fitilar jirgin da ke bayanmu, wadda da magariba take can nesa, ta matso har ina ganin igiyoyinsa. Bayansa kuma dutse ne. Anka ta tsinke daga ƙasa, tana jan ciki, iska tana tura mu. Na tada injin jirgi, na ba shi wuta, na tura autanmu goshin jirgi da tocila a goshinsa ya ɗago anka da injinta. Sai na jiyo muryarsa cikin iska: "Yaya, ba ya motsi! Ƙas-ƙas kawai yake yi!" Babbanmu ya shiga ya ɗaga makunnin nan. Ya sake yankewa. Ya ɗaga, ya yanke. A karo na uku ko ƙas ɗin ma bai yi ba.

Akwai takarda manne kusa da rediyo mai ɗauke da lambar kamfanin, an rubuta cewa ana ɗauka dare da rana. Sau 6 aka kira, tana shiga, ba wanda ya ɗauka. Ba na cewa bakanike zai iso mu a wannan daren, na san ba zai yiwu ba. Abin da nake nema mutum ne da ya san jirgin, ya ce mini ga inda akwatin wayoyin yake, ko ga yadda ake juya injin da hannu. Na yi tunanin kiran 195, lambar masu ceto a teku ta Kuroshiya, ko in yi shela a tasha ta 16 a rediyo, amma injin jirgi yana aiki, ba wanda ya faɗa ruwa, sai na bar su a matsayin mataki na gaba.

Mutum uku suka kama sarƙar da hannu. Sarƙa mai kaurin milimita 10 ta haura kilo 2 a kowace mita, ga anka a ƙarshenta, ga iska tana jan jirgin baya. Ni ina kan sitiyari ina matsawa gaba kaɗan-kaɗan don ta yi sako-sako su samu su ja. Duk lokacin da bura ta bugo, goshin jirgi ya karkace, sarƙar ta miƙe kamar sanda. A ɗaya daga cikin bugun nan ne ta fizge, ta tafi da fatar tafin hannun autanmu da farcen ɗan yatsansa. Ban ga lokacin ba, ihunsa na ji, sai muryar babbanmu: "Ku sake ta! Kowa ya cire hannunsa!" Da ya zo baya aka haska, jini ya jiƙe hannun rigarsa har gwiwar hannu, yana rawar sanyi yana ce mini, "Yaya, ka ci gaba da tuƙi, kar ka dube ni."

Babbanmu ne Allah ya ba dabara. Ya ɗaura igiya a jikin sarƙar, ya jawo ta ta gefen jirgi har zuwa na'urar da muke ɗaure igiyar filafilai da ita a baya. A murɗa, sarƙa ta taso mita 3 ko 4, a maƙale ta, a kwance igiya a sake ɗaurawa a gaba. Haka muka yi ta yi fiye da awa ɗaya. Da ankar ta fito, dunƙulen ciyawar ƙasan teku ne cike da bakinta, shi ya sa ba ta riƙe ba. Tana lilo tana bugun goshin jirgi kafin mu samu mu ɗaure ta. Ba mu sake yarda mu saki anka ba. Muka fita fili, muka yi ta kai da kawowa a bayan tsibirin da inji har gari ya waye. Cikinmu akwai ma'aikacin jinya, shi ya wanke ciwon ya naɗe, da kayan da ya zo da su, don akwatin magani na jirgin bandeji biyu ne a ciki da almakashi.

Ƙarfe 8 na safe wata mata daga ofishin ta kira. Ta ba da haƙuri sosai, ta ce mu nufi Milna a tsibirin Brač, bakanike zai same mu. Kuma gaskiya ya zo, kafin azahar. Dattijo ne mai furfura, ba ya yawan magana. Ya durƙusa a ramin sarƙa, ya buɗe wani ƙaramin akwati, ya kira ni da hannu. Kan wayar da ke kai wuta ya zama kore shar, gishiri ya cinye shi, yana taɓawa ya marmashe a yatsunsa. Ya ce wannan ba cin sati ɗaya ba ne. Ya yanke, ya sa sabon kai, ya shafe da man kariya, cikin minti 40 injin ya tashi. Ya sa na gwada sau 5 a gabansa. Ya ce gyaran zai kai mu gida, amma akwatin gaba ɗaya yana son canji. Kafin ya tafi sai da ya nemi ganin hannun yaron, ya kwatanta mana inda asibitin garin yake. Wallahi mutumin nan ya wanke mini zuciya. A daren na ce wa abokaina kowane jirgi yana lalacewa, tunda sun turo mai gyara cikin sa'o'i, zan rubuta musu sharhi mai kyau in yi shiru da maganar waya.

Da a nan aka tsaya, da abin da kuke karantawa ke nan. Ranar Juma'a muka cika tankin mai, muka shiga tasha kafin ƙarfe 6 kamar yadda ƙa'ida ta ce, mai nutso ya duba ƙasan jirgi ya ce lafiya. Asabar da safe sai ga ma'aikacin nan na ranar farko, ya tsaya a goshin jirgi yana ɗaukar hoton ƙwarzanen da anka ta yi. A ofis aka ce za a cire kuɗin gyaran fenti daga jinginata. Na ce injinku ne ya mutu, da hannu muka ɗago ta cikin bura, bakanikenku shaida ne. Aka jawo fom ɗin da na sa wa hannu, aka nuna mini layin injin anka, an yi masa alamar lafiya. Ma'aikacin yana tsaye a wurin, na dube shi na ce, "Malam, ba a gabanka ya yanke ba?" Ya ce jirage da yawa ya miƙa a ranar, ba zai iya tunawa ba. Autanmu yana gefena da hannu a naɗe, ba wanda ya tambaye shi ya jiki.

Nan duk abin da na haɗiye ya dawo sabo: kira 6 da ba a ɗauka ba, akwatin magani fanko, ranar Alhamis da muka yi asararta a tasha muna jiran gyara alhali mun biya kuɗinta. Allah ya taimake mu, ɗaya daga cikinmu ya ɗauki bidiyon karɓar jirgin don tarihi. A ciki ana ganin injin ya tsaya, ana jin ina cewa a rubuta, ana jin amsar da aka ba ni. Na tura musu. Ofishin da a da yake amsawa kafin azahar sai ya koma kwana 4, kwana 5. Bayan sati uku suka mayar da rabin abin da suka cire, suka kira shi kyautatawa. Ranar da muka rasa ba a ce komai a kanta ba, wayar dare ma haka. Ragowar muka raba bakwai kamar yadda aka rubuta, ba wanda ya ɗaga murya, har wanda ya ji ciwon ya dage sai ya biya kasonsa.

Ruwan nan zan koma shi in Allah ya yarda, abokaina ma sun fara maganar baɗi, wasu na cewa a gwada tsibiran yammacin Girka. Amma ba da wannan kamfanin ba. Jirginsu mai kyau ne, bakanikensu mutumin kirki ne, sai dai ba zan sake ɗora rayukan mutum shida a kan lambar da ba a ɗauka ba. Duk inda za mu je, zan saki sarƙar anka gaba ɗayanta in ɗago ta tun muna tasha, abin da ya yi ko tari sai an rubuta shi kafin in taɓa biro, kuma zan kira lambar gaggawar a daren farko in ji ko da mutum a bayanta.

A saƙona na ƙarshe ban yi maganar kuɗi ba. Tambaya ɗaya na yi musu: an canza akwatin da dattijon ya ce a canza? A ranar da muka sauka, muna jan jakunkunanmu a kan gadar tasha, na ga masu karɓar jirgin bayanmu suna jira a inuwa, mata da miji da yara biyu, ƙaramar ba ta wuce shekara 6 ba. Yau kwana 19 da tura saƙon, ba su amsa ba.