Katun ɗin soyayya na Japan: na Shinkai ko na Takahata?

'Yar'uwa, kin ce an ba ki sunan katun biyu na Japan da aka yi wa manya, 5 Centimeters per Second da Only Yesterday, kina tambayar da wanne za ki fara. Kafin nan, "na manya" ɗin nan ba batsa ake nufi ba. Labarai ne da yaro zai kalla yana hamma, babba kuwa ya gama ya yi jugum.

Na farkon Makoto Shinkai ne ya yi shi a 2007, tsawonsa awa ɗaya da 'yan mintuna. Sunan ma daga saurin faɗowar furen sakura, wato furen bishiyar ceri ta Japan, aka ɗauko shi, wai santimita biyar a daƙiƙa. Takaki da Akari sun shaƙu tun suna firamare a Tokyo, sai ƙaura ta raba su, suka koma aiken wasiƙa. Kashin farko na fim ɗin kusan gaba ɗayansa tafiya ce a jirgin ƙasa. Takaki ya kama hanyar Iwafune, garin da Akari ta koma, don ya gan ta da ƙarfe bakwai na dare, dusar ƙanƙara ta riƙa tsayar da jirgin, yana zaune yana duba agogo, ga yunwa ga sanyi. Wasiƙar da ya rubuta mata ma iska ta fizge a tasha. Sai bayan sha ɗaya ya isa, ya tarar da ita tana nan zaune a ɗakin jira. Wannan wurin kaɗai ya isa ya sa ki kuka. Daga nan kuma sai gangara: ya koma tsibirin Tanegashima, wata Kanae tana mutuwar sonsa, shi kuwa yana ta rubuta saƙo a waya ba ya aika wa kowa. Mu da muka taso da fina-finan Indiya mun saba a haɗa masoya kafin a tashi. Kada ki shiga da wannan tsammanin.

Only Yesterday na Isao Takahata ne, daga kamfanin katun na Studio Ghibli, 1991, kusan awa biyu, kuma ba ya gaggawa ko kaɗan. Taeko tana da shekara 27, ma'aikaciyar ofis ce a Tokyo, ba ta yi aure ba, gida kuma an fara yi mata maganar. Ta ɗauki hutu ta tafi ƙauye a Yamagata tsinkar wani fure mai ƙaya da ake yin jan rini da shi, wanda ake tsinka da asuba lokacin da raɓa ta tausasa ƙayar. A hanya sai yarintarta ta biyo ta, ita tana 'yar aji biyar a 1966. Akwai ranar da aka kawo abarba gidansu, ba wanda ya san yadda ake yanka ta. Da aka gano aka yanka, kowa ya gutsura ya ajiye don tauri, ita kaɗai ta daure tana taunawa don kada ta ji kunya. Ba a yi wani kiɗan ban tausayi ba, amma na fi tuna wurin nan da duk wani hawaye na Shinkai.

Soyayyar kuwa a ɓoye take. Toshio, manomin da ya ɗauko ta daga tasha, hirar gona yake mata, ba hirar so ba. Sai da tsohuwar gidan da Taeko ta sauka ta fito fili ta ce ta zauna ta aure shi, Taeko ta fice da gudu, don maganar ta tona mata cewa son ƙauyen da take yi son baƙuwa ne mai kwana goma ta koma birni.

Ko zanen ya bambanta. Shinkai yana cika ido da haske, gajimare da layin dogo, kowane hoto kamar a rataye a bango. Takahata ya fara ɗaukar muryoyin manyan ne sannan aka zana fuskokin, shi ya sa za ki ga kumatu suna motsi idan Taeko ta yi murmushi. Wuraren tuna baya kuma ya bar gefensu fari-fari, kamar abin da ƙwaƙwalwa ta fara saki.

Laifin na Shinkai a wurina shi ne Akari. Kusan ba mu san ta ba sai ta idon Takaki, kamar hoto ce ba mutum ba. Taeko kuwa za ki san ta har da taurin kanta da rashin iya lissafinta.

Idan daren Asabar ne kuma kina son abin da zai taɓa ki nan take, ki fara da na Shinkai. Ni dai na Takahata zan miƙa miki, musamman idan kin kai shekarun da ake tare ki da "yaushe ne?" a kowane biki. Kuma kada ki kashe idan sunayen ma'aikata suka fara fitowa a ƙarshe, don a cikinsu ne Taeko take yanke shawararta.