Manhajar canza awo da na sauke a waya: ta iya lita, amma a ruwan dam sai a hankali

Jama'a ga ra'ayina kan wata manhajar canza awo ta kyauta da nake amfani da ita a waya, musamman ga masu noman rani da masu kiwon kifi irina. Ba zan faɗi sunanta ba tunda ba talla aka ba ni ba, kuma irinsu sun yi yawa, kusan duk kanwar ja ce.

Abin da ya sa na neme ta shi ne lissafin ruwan kududdufin kifi. Mu a gida da jarka da duro muka saba, jarka lita 25, duro lita 200, amma da ka je wajen injiniya ko mai sayar da injin ban-ruwa sai ka ji yana ta kiyubik mita kaza a awa ɗaya, kai kuma kana ta gyaɗa kai kamar ka gane. To a nan kam manhajar ta yi ƙoƙari, gaskiya. Kiyubik mita ɗaya lita 1,000 ne, kana dannawa take ba ka amsa, ba ta buƙatar data, ko a gona inda sabis ke ɗaukewa tana aiki. Kududdufi mai tsawon mita 10, faɗin mita 5, zurfin mita 1.2 zai ci kiyubik mita 60, lita 60,000 ke nan, duro 300 ko jarka 2,400. Sai dai ninkawar nan da rabawar zuwa duro da kanka za ka yi a kalkuleta, ita babu ruwanta da duro balle jarka, wanda ya ƙirƙire ta bai san 'yan garuwa ba.

Ta kuma taimaka min a lissafin gona. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, in kana so ruwa ya kwanta mata santimita 10 kamar yadda ake yi wa shinkafa, kiyubik mita 1,000 kake nema, lita miliyan ɗaya cif, wanda ake kira megalita. Tankar mai irin ta lita 33,000 sai ta yi sawu 30 da ɗoriya kafin ta kawo wannan ruwan, kuma fa ban-ruwa ɗaya ke nan, shi ya sa nake dariya in na ji wani yana cewa zai yi noman shinkafa da ruwan saye.

Inda muka ɓata da ita shi ne manyan lambobi. Ka ɗauki madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, wadda ke shayar da gonakin Kadawa da Kura, an gina ta ne don ta ɗauki wajen kiyubik mita biliyan 1.9. Na zuba wannan adadi na ce ta mayar min lita, sai ta rubuto min 1.9E12, ba ƙarin bayani ba komai. Yanzu fisabilillahi manomi nawa ne zai san cewa E12 ɗin nan yana nufin ka ninka da ɗaya mai sifili 12 a bayansa, wato lita tiriliyan 1.9? Ba waƙafi tsakanin lambobi, ba zaɓin a rubuta maka miliyan ko biliyan da kalmomi, in kuma lambar ba ta kai ta koma E ba sai ka ga sifilai sun jeru kana bin su da yatsa kana ƙirgawa.

Babbar matsalar ma babu kiyubik kilomita a jerin awon nata kwata-kwata, alhali da shi ake auna manyan tafkuna. Kainji da aka gama a 1968 a kan kogin Kwara tana riƙe wajen kiyubik kilomita 15. Kuma a nan ne mutane suka fi zamewa, tunda kilomita ɗaya mita 1,000 ce sai a ɗauka kiyubik kilomita ma kiyubik mita 1,000 ne, ina! Tsawo dubu, faɗi dubu, zurfi dubu, ka ninka su ukun ka samu biliyan ɗaya. Kainji ke nan kiyubik mita biliyan 15, lita tiriliyan 15, Tiga kuma ba ta ƙarasa kiyubik kilomita 2 ba. Manhajar da take cika baki wai ta canza awo ce ai wannan ne ya kamata ta fara sawa, amma ta cika jerin da cokalin shayi da kofi da wasu awon girkin Turawa.

Sai galan, a kula sosai. Ta rubuta galan kawai ba ta bambance ba, da na gwada na ga na Amurka ne mai lita 3.785, na Ingila kuwa lita 4.546 ne, in takardar injinka da na Ingila aka rubuta ta to lissafinka ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida.

Talla kuma ba a magana, da ka kunna data sai bidiyo ya rufe fuskar wayar kana tsakiyar lissafi, ni kashe data nake yi kafin in buɗe ta.

Na ba ta uku cikin biyar. Mai kududdufi ko mai tankin sama ya sauke abinsa za ta yi masa aiki, ɗalibin injiniya ko ma'aikacin hukumar ruwa kuwa ya nemi wadda ke da megalita da kiyubik kilomita, kuma ya leƙa jerin awon tun kafin ya biya kuɗin cire talla.