Gargaɗi: mai sayar da lambar wasan Back to the Future ya damfare ni N45,000

Akwai wani mutum da yake yawo a zaurukan masu wasannin kwamfuta na Facebook da WhatsApp yana cewa yana da ragowar lambobin kunna wasan Back to the Future: The Game a Steam, wato kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, kuma ina sanar da kowa cewa maƙaryaci ne, ɗan damfara ne, ya karɓi N45,000 daga hannuna ya ba ni lambar da wani ya riga ya yi amfani da ita. N45,000, kuɗin da na tara daga gumina, ba tsintuwa na yi ba. Ina rubuta wannan raina a ɓace, kuma na san akwai masu jiran su ce kwaɗayi mabuɗin wahala, to su dakata su ji yadda abin ya gudana kafin su yanke hukunci, domin babu kwaɗayi ko kaɗan a cikin abin da na yi. Ban nemi araha ba, tsada ma na saya.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin Telltale na jihar Kalifoniya a Amurka ne ya yi shi, ya fitar da shi kashi biyar daga Disambar 2010 zuwa Yunin 2011, a matsayin ci gaban labarin fim ɗin nan na 1985 da ake tafiya cikin zamani da mota ƙirar DeLorean. Irin wasan nan ne da babu harbi ko tsere a cikinsa, sai dai ka nuna abu da linzamin kwamfuta ka danna, ka ɗauki kaya, ka yi magana da mutane, ka warware matsala da tunani. Christopher Lloyd da kansa ya yi muryar Doc Brown, masanin kimiyyar da ya mayar da motar injin tafiya cikin zamani, Bob Gale da ya rubuta fim ɗin tare da Robert Zemeckis ya ba da shawara a kan labarin. A Satumbar 2018 kamfanin ya durƙushe ya sallami kusan dukkan ma'aikatansa, ba a jima ba aka cire wasan daga Steam, daga baya GOG, wata kasuwar wasannin irinta, ita ma ta sauke wasannin Telltale a 2019. Wanda ya riga ya saya yana nan da abinsa, amma sabon mai so ba shi da inda zai danna ya biya. Ko da wasu suka sayi sunan Telltale a 2019 suka dawo da wasu wasannin kasuwa, wannan bai dawo ba, domin haƙƙin labarin na kamfanin fina-finai na Universal ne. Duk wannan gaskiya ne, kuma da wannan gaskiyar ya kama ni. Bai ƙirƙiro ƙarancin wasan ba, ƙarancin yana nan, shi dai ya zo ya zauna a kansa yana jiran masu nema.

Abin da ya faɗa mini shi ne ya sayi wani tarin wasannin Telltale da aka yi rangwamensu shekarun baya, ya ajiye lambobin bai taɓa su ba. Wannan ma abu ne da yake faruwa, tsofaffin lambobin da ba a kunna ba suna iya aiki ko bayan an cire wasa daga kasuwa, kuma akwai mutane na gaskiya da suke sayar da irinsu da tsada. Na san haka tun kafin na haɗu da shi, shi ya sa maganarsa ba ta yi mini baƙo ba.

Kuma na gwada shi. Wannan ne abin da nake ta maimaitawa a raina har barci ya gagare ni: na gwada shi, kuma ya ci gwajin. Na tambaye shi yadda kashi na farko ya fara, sai ya amsa mini da saƙon murya, ba rubutu ba, cikin natsuwa kamar malamin da yake biya karatu. Ya ce a 1986 ne, ana gwanjon kayan Doc, sai motar ta bayyana babu kowa a ciki sai kare Einstein da rikoda da takalmin mace ƙafa ɗaya, kuma takalmin ne yake kai Marty, matashin abokin Doc, gidan tsohuwa Edna Strickland. Ya ce daga nan sai 1931, zamanin da aka haramta giya a Amurka, inda aka kulle Doc bisa zargin ƙona gidan giyar ɓoye yana amfani da sunan Carl Sagan. Har wurin nan ya kawo mini da Emmett, wato Doc yana matashi, yake jayayya da mahaifinsa alƙali ta bayan ƙofa, kai kuma kana cikin ɗakin gwaji kana sauraron kalmomin da yake jaddadawa domin ka san ko wuta za ka ƙara ko wani abu za ka juya. Ya yi dariya ya ce wurin ya ba shi wahala. Ku gaya mini, wane ne zai ji wannan ya ce ɗan damfara ne yake magana? Mutumin da ya san takalmin Edna? Na saurari saƙon nan na sake saurara, har yanzu yana cikin wayata, kuma a ƙarshensa ne ya ce: “Malam, wallahi ni ma masoyin wasan nan ne, ba zan cuci ɗan'uwana a kansa ba.” A kan wannan jimlar na tura kuɗi. Ya rantse da Allah, ya kira ni ɗan'uwa, sannan ya ci N45,000.

Ba a lokaci ɗaya na biya ba. N30,000 muka yi ciniki da farko, ya fara da N40,000 na taya, ya yi ta jan rai yana cewa wani a Abuja ya riga ya yi magana, daga baya ya ce ya bar mini saboda ya ga ni mai son abin ne da gaske. Ya kuma turo mini bidiyon allon kwamfutarsa yana nuna jerin wasanninsa a Steam, kashi biyar ɗin suna jere, da wata takarda mai lambobi da ya rufe rabinsu da yatsa. Bidiyon ya zo ne bayan na nemi lambar asusu, domin na tuna sunan da ya fito a asusun na mace ne, na tsaya na tambaya, ya ce na maiɗakinsa ne, nasa yana da matsala, sai ya turo bidiyon domin hankalina ya kwanta. Ya kuma sa wasu mutum biyu a zauren suka rubuta cewa sun saya a wurinsa lafiya. Yanzu da na koma na duba, dukansu ba su taɓa rubuta komai a zauren ba sai wannan yabon, kuma sun ɓace tare da shi. Amma a lokacin shaidu ne nake gani a gabana, kuma duk mai hankali da shaidu yake aiki.

Da alat ya shiga wurinsa sai ya turo lambar, haruffa da alƙaluma goma sha biyar, biyar-biyar kashi uku, daidai yadda lambar Steam take. Na shigar da ita hannuna yana rawa don murna, sai saƙo ya fito cewa wani asusu ya riga ya kunna wannan lambar. Na ɗauki hoton allon na tura masa. Nan take ya kira ni, ba ɓuya, ba kame-kame, ya ce in yi haƙuri, matsalar yanki ce, wai lambar ta Turai ce kuma Steam tana nuna wannan saƙon idan an shigar da ita daga Najeriya, amma yana da wata wadda take aiki a ko'ina, sai dai ta fi tsada, in cika N15,000. Ƙarya ce tsagwaronta. Saƙon da yake fitowa idan lamba ba ta aiki a ƙasarka daban yake da saƙon da yake cewa an riga an yi amfani da ita, kuma akwai lambobin da ake ƙayyade wa yanki da gaske, shi ya sa ƙaryar ta zauna daram. Mutumin da ya kira ka da kansa a lokacin da ɓarawo zai gudu, yaya za ka ɗauke shi ɓarawo? Na cika N15,000. Talatin da sha biyar, N45,000 ke nan.

Lamba ta biyu ba ta taɓa zuwa ba. Yau ya ce wuta aka ɗauke, gobe ya ce yana asibiti da yaro, har na yi masa addu'a, na ce Allah ya ba yaron lafiya, wannan ma yana cikin abin da yake ƙona mini rai. A tsakanin nan ne, ko kuma tun kafin zancen asibitin, ya ce zai mayar mini da kuɗina gaba ɗaya amma sai na tura N5,000 na cajin da wai ake cire wa maiɗakinsa. A nan na ce masa ya ji tsoron Allah. Ya karanta, bai amsa ba, da safe na tarar ya toshe ni a WhatsApp, ya goge shafinsa na Facebook, lambar wayar kuma a kashe. Ba a daɗe ba wani abokina ya turo mini hoton talla daga wani zauren daban: sabon suna, sabon hoto, amma rubutun iri ɗaya ne harafi da harafi, kuma bidiyon nan ne dai mai yatsa a kan takarda. Yanzu har ya ƙara da wasan Jurassic Park na Telltale, wanda shi ma aka cire daga kasuwa. Ma'ana yana nan yana ci gaba, kuma wani yana shirin tura masa kuɗi a daidai lokacin da nake wannan rubutu.

Wani ya ce mini ai laifina ne da na kashe N45,000 a kan wasan yara. Ba wasan yara ba ne, kuma ko da na yara ne, kuɗina ne, ban roƙi kowa ba. Na girma ina kallon fim ɗin nan, na daɗe ina son in ga kashi na uku inda garin Hill Valley ya koma ƙarƙashin mulkin Doc da Edna, da kashi na biyar da Michael J. Fox, wanda ya fito a matsayin Marty a fim ɗin, ya sa muryarsa a ciki. Son abu ba laifi ba ne, laifin yana kan wanda ya zauna ya haddace labarin wasa domin ya yi sata da shi. Na yi tambaya, na nemi shaida, na ji murya, na ga bidiyo, na ga masu yabo. Me ya rage ban yi ba? Kunyar da nake ji ba ta wauta ba ce, ta cewa na yi wa maƙaryaci addu'a ce da zuciya ɗaya.

Na kai ƙorafi bankina da rasit biyu, na N30,000 da na N15,000, kuma ba zan bar kaza cikin gashinta ba. Hotunan hirarmu, rasitan, saƙon da Steam ta nuna da tallarsa ta biyu duk suna hannuna, zan sa su a ƙasan wannan rubutu da zarar na rufe sunan matar da ke kan asusun, domin shi nake nema ba ita ba. Saƙon muryar ma zan sa, ku ji muryarsa ku gane ta.

Kada kowa ya sayi lambar wannan wasa a hannun wanda bai sani ido da ido ba, kuma kada ku tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa da na mai sayarwa. Bidiyon jerin wasanni ba ya nuna cewa akwai lambar da ba a kunna ba. Mai son wasan ya nemi faifai na hannu, an buga shi a na'urorin wasa na PS3 da Wii, an sake buga shi a PS4 da Xbox One a 2015, ya gwada a gaban mai shago sannan ya biya. Duk wanda mutumin nan ya taɓa karɓar wa kuɗi ya yi mini magana ta akwatin saƙo da rasit ɗinsa, mu haɗa su wuri ɗaya mu kai wa hukuma, domin N45,000 ɗina ba zan yafe ba.