Makirufo, fiyezo ko maganaɗisu: wanne ya dace da jitar rezoneta a kan dandamali?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce jitarka rezoneta ce mai jikin ƙarfe da kwano ɗaya, kana kiɗa da mai ganga da mai bes, kuma duk lokacin da aka ɗaga makirufonka don a ji ka sai lasifika ta ɓarke da kuka. Kana so ka san ko ka haƙura da makirufon, ko ka sa wa jitar maɗaukin sauti, wato na'urar da ke mayar da girgizarta siginar lantarki, in kuma za ka sa, wane iri. Na sha wannan wahalar, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Kafin a kai ga zaɓi, sai an san daga ina muryar jitar nan take fitowa. John Dopyera ya ƙera ta ne a Amurka tun kafin jitar lantarki ta shigo kasuwa, kamfanin National ya fara sayar da mai kwano uku a 1927, kuma manufar ita ce ƙara, don kada ƙahoni da banjo su binne mai jita. Tsirkiyoyi suna zaune kan jaki, jakin yana tura girgiza cikin wani siririn kwanon alminiyam mai siffar mazurari, kwanon kuma yana tura iska kamar yadda lasifika take yi. Wato muryar da ta sa ka sayi jitar, wannan amo mai kama da magana ta hanci da ƙarar ƙarfe a bayansa, ba a tsirkiya take ba, ba a jaki take ba. Sai ta bi ta kwano, ta zaga cikin jiki, ta fito ta ramukan murfi, sannan ta haɗu a cikin iska. Duk na'urar da za ka saka, tambayar ita ce a wane mataki na wannan tafiya take tare sautin.

Makirufo ne kaɗai yake tare shi a ƙarshen tafiya, shi ya sa babu abin da ya kai shi gaskiya. Gwada wannan a ɗaki: wani ya kaɗa jitar, kai kuma ka toshe kunne ɗaya, ka kawo ɗayan kusa da murfin kwano. Za ka ji kaifi da tsini, kamar ana buga faranti. Matsa sama zuwa ramukan da ke kusa da wuya, sai ka ji kauri da ɗumi. Tsakanin wuraren nan biyu, da tazarar kamar taƙi ɗaya, nan jitar take kama da kanta, kuma nan ya kamata bakin makirufo ya duba. Shure SM57 yana yin aikin nan sosai, domin ba ya kwasar abin da ke nesa da shi kamar yadda makirufon kondensa yake yi. Kondensa ya fi shi fitar da ƙananan bayanai, yana buƙatar wutar volt 48 daga mikisa, wato na'urar da injiniyan sauti yake haɗa sautuka a kanta, amma kunnensa ya yi faɗi da yawa ga dandamali mai ganga.

Matsalarka kuwa ba laifin makirufon ba ne kaɗai. Jikin ƙarfe kamar madubi yake ga sauti: abin da monita, wato lasifikar da ke fuskantar makaɗa, ta watso daga ƙasa yana bugun gaban jitar ya koma kai tsaye cikin bakin makirufo. Ga kuge da ƙaramar ganga suna shiga ta gefe. Injiniya yana ɗaga ka, yana ɗaga mai ganga tare da kai bai sani ba. Ana rage wannan idan aka ajiye monita daidai bayan makirufo, inda irin SM57 ya fi kurumta, aka kuma yanke duk sautin da mitarsa ke ƙasa da Hz 80 ko kusa da haka. Amma in mai gangarku mai nauyin hannu ne, dabarun nan jinkirta kukan kawai suke yi. Ga kuma ɗaurewa wuri ɗaya: ka juya kaɗan ka dubi mai bes, sautinka ya ɓace. Ƙananan makirufo masu maƙalewa a jikin jita, irin DPA 4099, sun warware maganar motsi, ba su warware ta kuka ba.

Fiyezo yana tare sautin a tsakiyar tafiya. Wani ɗan sinadari ne da yake ba da lantarki idan an matsa shi, ana dasa shi a jaki ko a jikin kwano. A nan sai ka san irin jitarka, don kayan ba sa shiga na juna. Taka mai kwano ɗaya, in kwanon ya kumburo sama da ɗan katako zagayayye a ƙoƙuwarsa, ita ce mai jakin biskit, kuma Fishman suna yin biskit da fiyezo a cikinsa wanda ake musanya na asali da shi. Ɗaya irin rezonetar kuwa, wato Dobro, kwanonta a buɗe yake yana kallon sama kamar tasa, da jakin alminiyam mai ƙafa takwas kamar gizo-gizo, nata maɗaukin daban ne. Abin da fiyezo yake ba ka shi ne ƙara mai yawa kafin kuka, da 'yancin yawo, da ɗan ƙamshin kwano tunda yana jin girgizar da ke wucewa ta wurin. Abin da yake hana ka shi ne iska. Sautin yana fitowa busasshe, mai tsini, duk taɓawar farce da kwalbar silaid (wadda ake sawa a yatsa ana zamewa da ita) a kan tsirkiya sai ta fito fiye da kima.

Rabin mutanen da suka ce fiyezo ba shi da daɗi, ba fiyezon suka ji ba, mummunan haɗi suka ji. Fiyezo marar batir yana son mashiga mai turjiya babba, mega-om 1 ko sama da haka. Ka cusa shi kai tsaye a mikisa, ƙasan sautin ya zube, ya bar ka da ƙarar gwangwani. Ni ma haka na yi a farko, na kwana biyu ina zargin wanda ya dasa mini shi, ashe akwatin da ke tsakani ne babu. Ranar da na sa wannan akwatin mai ƙarfafa sigina, wato firi'am, irin Para Acoustic DI na LR Baggs, sai jitar ta dawo da jikinta. Akwatin yana da maɓallin da ke yanke siririyar mita guda wadda take jawo kuka, da wani na juya fuskar sigina, kuma sau da yawa danna wannan na biyun kaɗai yana kashe gurnanin da ke tasowa daga monita. Fishman kuma suna da feda, wato akwatin da ake takawa da ƙafa, mai sunan Jerry Douglas a jerin Aura, wadda take ɗora hoton sautin makirufo a kan siginar fiyezo. An yi ta ne domin jita mai jakin gizo-gizo, don haka kada ka sa rai za ta zauna daidai a kan taka.

Abu biyu nake so ka kiyaye in ka bi wannan hanya. Kwanon nan siriri ne ƙwarai, yatsa yana iya lotsa shi, kuma duk nauyin da aka manna masa yana rage masa rawa, har ka ji jitar ta dushe ko ba a jona ta ba. Sannan wayar da ke fitowa daga biskit, in ta kwanta a kan kwano, za ta riƙa zuza a wasu sautuka kamar ƙudan zuma ya shiga ciki. A ɗaure ta ta bi sama. Ka kuma tuna kwanon da yake tura iska yana karɓar iska: a dandamali mai ƙara sosai shi kansa yana zama kamar fatar makirufo, don haka fiyezo ma yana da iyakarsa.

Maɗauki na maganaɗisu yana tare sautin tun a bakin ƙofa, daga tsirkiya, kafin ya kai kwano. Akwai sirara da Lace da National suke yi, ana manna su tsakanin ƙarshen wuya da murfi ba tare da huda jiki ba. Shi ne mafi juriya ga kuka, ba ya buƙatar batir, yana shiga amfilifayar jitar lantarki kai tsaye. Gaskiyar magana dai, sautin da zai ba ka na jitar lantarki ne mai kauri, kwanon kusan ba ya ciki. Ga mai kiɗan bulugiras, kiɗan Amurka da ake yi da kayan da ba na lantarki ba, wannan asara ce babba. Ga mai kiɗan bulus da silaid a gaban ganga kuwa, sau da yawa shi ne abin da kunne yake nema, musamman in an ɗaga amfilifaya har sautinta ya ɗan fara kaushi. Sai dai ka duba tsirkiyoyinka: maganaɗisu ba ya jin tagulla, don haka tsirkiyoyi masu naɗin tagulla suna fitowa a raunane, sirara marasa naɗi su yi tsalle a kansu. Masu naɗin nikel sun fi daidaita. Ka kuma tabbata akwai sarari ƙarƙashin tsirkiya, kada silaid ya danna ta ta taɓa maɗaukin.

To, da ni ne a matsayinka, da ganga a bayana da jita mai biskit a hannu, ba zan jefar da makirufon ba. Zan sa siririn maganaɗisu, in bar SM57 a inda yake, in ba injiniya layi biyu. Layin maganaɗisu shi kaɗai zai shiga monita, shi ne zai ɗauki nauyin ƙara. Makirufo kuwa ba zai taɓa monita ba sam, lasifikun da ke fuskantar jama'a kawai zai je, a ɗaga shi daidai gwargwadon da muryar kwano za ta hau saman ɗayan. Kukan da ke damunka daga zagayen monita da makirufo yake tasowa, in ka yanke zagayen ka huta. Na fifita maganaɗisu a kan fiyezo a nan domin shi da makirufo ba sa cin abinci ɗaya: ɗaya yana kawo kauri, ɗaya yana kawo ƙarfe da iska. Fiyezo da makirufo kuwa dukansu suna da tsini, sai an yi ta sassaƙa kafin su zauna lafiya. In da Dobro kake kaɗawa a kwance a cinya, da amsar ta juya, da fiyezon gizo-gizo da firi'am mai kyau zan ce maka.

Wajen gwajin sauti, ka fara da maganaɗisu shi kaɗai yayin da mai ganga yake bugawa da ƙarfin da zai buga da gaske, ba a hankali ba. Sannan a shigo da makirufo kaɗan-kaɗan. In ka ji sautin ya rame maimakon ya cika lokacin da aka haɗa su, injiniya ya juya fuskar sigina a layi ɗaya, ku sake saurara. Ranar da kuma za ka yi kiɗa kai kaɗai ko da mai waƙa ɗaya, ka zare wayar gaba ɗaya ka tsaya gaban makirufo.