Mako shida ina koyon ƙirga kwanakin ɗan kaso a Tudun Wada

Wata ƙawata da muka yi difloma tare a kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya ce ta turo min tallar ta WhatsApp: kwas na mako shida, za a koyar da aikin akawun ajiye bayanan fursunoni, lissafin wa'adin ɗauri da takardun sakin sharaɗi, wato sakin fursuna kafin wa'adinsa ya cika bisa wasu sharuɗɗa, ga masu burin shiga Hukumar Gidajen Gyaran Hali. Dariya na fara yi. Ni da nake buga takardu a wani shagon kwamfuta a PZ, me ya haɗa ni da gidan yari? Amma shekara uku ina neman aikin gwamnati, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na biya naira 2,000 kuɗin fom, na biya 25,000 kuɗin kwas. Yanzu na gama, mutum huɗu sun tambaye ni ko ya cancanci kuɗinsa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Wurin yana Tudun Wada, a saman wani bene mai jerin shaguna. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kansu. Asabar da Lahadi ake zuwa, daga ƙarfe 10 zuwa azahar. Mu 19 ne, mata biyar. Malamai biyu: wani dattijo, tsohon gandiroba da ya ce ya daɗe a ofishin rijista kafin ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa, da wani matashi mai koyar da kwamfuta da ɓangaren sakin sharaɗi. In don dattijon nan ne, kuɗina ya halatta. In don sauran ne, akwai magana.

Ranar farko Baba bai tsaya dogon gabatarwa ba. Ya ɗauki alli ya rubuta: ɗaurin shekara 3, an yanke ranar 10 ga Maris 2025. Ya juyo ya ce, "In ba a rage masa komai ba, yaushe zai fita?" Muka haɗa baki, 10 ga Maris 2028. Ya ajiye allin, ya kakkaɓe hannu, ya dube ni don ni ce a gaba. "'Yata, kin ƙara wa bawan Allah kwana ɗaya. Ke za ki biya shi?" Na ce, "A'a Baba." Ya ce to ranar da alƙali ya furta hukunci, ko da yamma liƙis ne, ana ƙirga ta cikakkiyar rana a cikin wa'adin, haka doka ta ce. Saboda haka shekara uku ta cika ranar 9 ga Maris, ba 10 ba. Wannan kwana ɗayan shi ya yi ta bibiyarmu har ƙarshen kwas. Duk wanda ya manta da shi a jarrabawar mako, Baba zai zagaye wurin da jan biro ya rubuta a gefe: "Wa zai biya?"

Daga nan aka shiga rangwame, wanda shi ne zuciyar aikin. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya taɓa jin ana cewa a gidan yari dare daban ake ƙirgawa, rana daban, wai shi ya sa shekarar kurkuku ba ta kai ta waje. Ni ma haka na ji daga bakin kakata, kuma na yarda. Ba haka ba ne. Abin da ke akwai shi ne, wanda aka yanke wa ɗaurin da ya wuce wata ɗaya yana iya samun rangwamen kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa in ya nuna hali nagari. Shi ya sa wata 12 ke komawa 8, mai shekara uku ya fita bayan biyu. Kowane fursuna da aka yanke wa hukunci yana da ranaku biyu a rijista: ranar fita mafi kusa, wadda ma'aikata ke taƙaitawa da EDR, da ranar fita mafi nisa, LDR. Ta farko ba dutse ba ce. In mutum ya yi laifi a ciki, faɗa ko shigo da abin da aka hana, ana iya zaftare masa kwanaki daga rangwamen, ranar ta matsa gaba. Ta biyun kuwa ba mai ikon wuce ta sai da wata sabuwar takardar kotu.

A baki abin kamar wasa. Sai da aka ba mu wata 20 aka ce mu raba uku, nan ido ya raina fata. Wata 6 ne da kwana 20, in ka ɗauki wata a kwana 30, sannan ka koma kan kalanda ka yi ta ja da baya, ka tuna wane wata ne mai 31, ka tuna Fabrairun 2028 kwana 29 ne. Wani ɗan ajinmu daga Samaru ya zaro kalkuleta, Baba ya ce ya mayar da ita aljihu sai mako na uku. Hujjarsa: wanda bai iya yi da hannu ba, ranar da na'ura ta ba shi amsar banza ba zai gane ba. A lokacin na ga kamar tsufa ne kawai ke damunsa. Daga baya na sauko.

Darasin da ya fi tsaya min a rai shi ne na hukunci biyu a kan mutum ɗaya. A ce an sami mutum da laifi biyu, ɗaya shekara 2, ɗaya wata 18. In alƙali ya ce su tafi tare, mafi tsawon kawai zai yi, wata 24, a cire rangwame ya rage 16. In ya ce ɗaya bayan ɗaya, wata 42 ke nan, a cire 14, saura 28. Tsakanin 16 da 28 shekara guda ce cur, kuma kalma ɗaya tak ce a jikin warantin kotu, takardar da ake kai mutum gidan yari da ita, ta raba su. Baba ya kawo mana warantoci na gwaji da ya rubuta da hannunsa, sunayen ƙarya, amma ya kwaikwayi irin rubutun gaggawar da ya ce ya sha gani, ga hatimi ya hau kan kalmar da ake nema. Na ɗaga tawa sama wajen taga ina ƙoƙarin karantawa, na ce, "Baba, ina jin tare aka ce." Ya ce, "Kina ji, ko kin gani?" Na yi shiru. Ya ce akawu ba ya yin canki-canka da ran mutum, in bai gani ba sai ya kai wa na gaba da shi, a rubuta wa kotun da ta yanke hukuncin ta fayyace.

Haka ma batun kwanakin da mutum ya yi yana jiran shari'a, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare ba a ma yanke musu hukunci ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce a yi la'akari da wannan zaman wajen yanke hukunci, Jihar Kaduna ma ta yi tata irin dokar a 2017. Amma aikin alƙali ne wannan. Akawu ba ya zama a teburinsa ya ji tausayi ya cire wa mutum wata bakwai don ya san ya yi su. Ranar da waranti ya ce wa'adi ya fara, daga nan zai fara ƙirga. Wannan ya yi wa wasunmu ɗaci, har wata matar aure a ajin ta ce ai zalunci ne. Baba ya ce hanyar gyara shi lauya ne da kotu, ba biron akawu ba.

Yakan ɗan saki layi wani lokaci, kuma ni ban ji haushi ba. Shi ya tuna mana cewa Yari sarauta ce, mai kula da kurkukun sarki, daga nan sunan gidan ya samo asali, kuma gidajen yarin En'e sai a 1968 aka haɗe su da na tarayya. Sunan gyaran hali kuwa na jiya-jiya ne, dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2019 ce ta kawo shi, ta kuma raba hukumar gida biyu: masu tsare mutane, da masu kula da hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar yi wa al'umma hidima da sakin sharaɗi. Shi dai Baba har gobe "firzin" yake cewa.

To, sakin sharaɗin nan shi ne inda kwas ɗin ya ba ni kunya. A talla an sa shi da manyan baƙaƙe. A aji zama biyu aka yi masa, kuma matashin malamin takarda ya raba mana, ya tsaya yana karanta mana ita kamar mai karanta sanarwa. Da na koma gida na duba da kyau, sai na ga rabin abin tsarin Amurka ne aka kwafo, ana ta maganar kwamitoci da jami'an wata jiha da ba ta shafe mu ba. Da kaina na nemo dokar 2015 a intanet na karanta sashe na 468. Abin da ya ce a taƙaice: in shugaban hukumar ya kai wa kotu rahoto cewa fursuna yana da hali mai kyau, kuma ya ci aƙalla kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa, ga wanda aka ɗaure shekara 15 ko fiye ko rai da rai, kotu na iya jin ɓangarorin biyu ta dakatar da sauran wa'adin, da sharaɗi ko babu. Wato kotu ce mai saki. Malamin kuma ya yi ta cakuɗa wannan da afuwar da gwamna ko shugaban ƙasa ke yi, alhali ita afuwa daga tsarin mulki take, sashe na 212 ga gwamna, na 175 ga shugaban ƙasa. Da na ɗaga hannu na ce, "Malam, ai kamar ba abu ɗaya ba ne," sai ya ce duk dai saki ne. Ko fom ɗaya na gwaji ba a nuna mana ba, balle yadda ake bin sawun wanda aka saka, yaushe zai riƙa zuwa sa hannu, me za a rubuta in bai zo ba.

Kwamfuta huɗu ce ga mutum 19. Sau biyu aka ɗauke wuta aka ce mu haɗa naira 500 kowa a sayo man janareto, abin da ba a faɗa mana ba lokacin biyan kuɗi. Abu ɗaya mai amfani da na tsinta shi ne umarnin EDATE a manhajar lissafi ta Excel, wanda ke ƙara watanni a kan kwanan wata. Yana da sauri, amma ba ya cire maka kwana ɗayan nan na Baba, kai za ka cire, kuma in ka ba shi 31 ga Agusta 2025 ka ce ya ƙara wata 6, 28 ga Fabrairu zai ba ka, sai ka zauna ka yi tunanin ko za a sake cire kwana daga nan. Mun yi musu a kan wannan har aka kira sallah.

Satifiket ɗin da aka ba mu kyakkyawa ne, mai ruwan gwal a gefe, amma kada wanda ya ɗauka tikitin aiki ne. Ɗaukar ma'aikata a wannan hukuma daga Abuja ake yi, ta hannun hukumar da ke ɗaukar ma'aikatan sibil difens, kashe gobara da shige da fice, ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, a intanet ake cike fom, kuma wanda aka ɗauka hukumar ce za ta horar da shi a makarantunta. Mai wurin ya taɓa ja na gefe yana cewa suna da hanya in lokacin ya zo, in dai zan iya "motsi". Na ce masa, "Alhaji, Allah ya kai mu," ban sake bi ta kan zancen ba. Ku ma ina ba ku shawarar haka.

Wa zan ce ya je? Wanda ke aiki a ofishin lauya, ko mai sha'awar aikin rijistar kotu, ko wanda yake son in an kira shi intabiyu ya san abin da ake nufi da waranti da rangwame. Ya je don dattijon, ya tambaya tun kafin ya biya ko har yanzu shi ke koyarwa. Ya tafi da kalandar bango ta shekara uku ko huɗu, da jan biro.

Mako biyu bayan gamawa, wata maƙwabciyarmu ta yi sallama bayan magariba. Ɗanta yana tsare, ta ji a unguwa wai na koyo lissafin gidan yari. Ta kwance bakin zaninta ta fito da wata 'yar takarda da ta sha ninki, inda ƙaninsa ya rubuta mata ranar da aka yanke hukuncin da "wata 18". Ta ce, "'Yar nan, duba min, zai yi babbar sallah a gida?" Na ɗauko kalanda, na cire wata shida, na ga inda ya faɗa. Bakina har ya buɗe zan faɗi ranar, sai na tuna ban ga waranti ba, ban san ko laifi ɗaya ne ko biyu ba, ban san ko an taɓa masa rangwame ba. Na ce, "Inna, in komai ya tafi daidai, shekara guda zai yi daga ranar nan, amma ranar ziyara ki roƙi jami'in walwala ya duba miki ranar da ke rubuce a rijista, ki ce masa EDR." Ta sa na maimaita mata haruffan sau uku, sannan ta ce in rubuta mata su a bayan takardar, manya-manya, ta ninke ta mayar bakin zani.