Wata biyu da ƙaramin sikirin ST7789 mai inci 1.3

Wata biyu ke nan ina aiki da ƙaramin sikirin nan mai inci 1.3, wanda cip ɗin ST7789 na kamfanin Sitronix ke tuƙawa, ɗigo 240 a tsaye, 240 a kwance. Na haɗa shi da ESP32, wani ƙaramin cip da ake rubuta wa manhaja ya sarrafa na'ura, don ya riƙa nuna min zafi da laimar iska. Direbansa kuwa, wato manhajar da ke ba sikirin umarni, da kaina na rubuta cikin harshen C, saboda ina son sanin abin da ke bi ta kowace waya.

Hoto dai ba a magana. Samfurin IPS ne, ko ta gefe ka leƙa launi ba ya dusashewa, ƙananan haruffa ma suna fitowa fes.

Inda na sha wuya shi ne ɗan allon da aka ɗora shi a kai. Wanda ya haɗa allon bai saka ko takarda ɗaya ba, kuma ya rubuta SCL da SDA a ƙafafu biyu. Waɗannan sunayen wayoyin I2C ne, wata hanyar da cip ke magana da na'ura, don haka duk wanda ya saba da I2C zai ɗauka shi ne, alhali SPI ne zalla, wata hanya dabam. Sannan babu ƙafar CS sam, wadda ke sanar da na'ura cewa da ita ake magana. Na yi yini guda fitilar baya na ci, sikirin baƙi ƙirin, sai da na mayar da SPI yanayi na 3, wanda layin agogo ke hutawa a sama, kafin ya amsa. Layi ɗaya na bayani da ya tsare ni daga wannan, kuma har yau abin yana ci min rai.

Tada shi ba wuya idan ka riƙe takardar bayanan cip ɗin. Ka tura umarnin 0x01 ya sake farawa, ka jira milisakan 120, ka tura 0x11 ya farka daga barci, ka sake jira. Sai 0x3A da 0x55 don launi mai bit 16, sannan 0x29 ya kunna hoto. Ƙafar DC ce ke bambance umarni da bayani: ƙasa umarni, sama bayani.

A karon farko fari ya fito baƙi, baƙi ya fito fari. Umarnin 0x21 ya warware wannan. Bayan nan na ce ja, ya ba ni shuɗi-shuɗi. Dalili shi ne launin kowane ɗigo bayit biyu ne, sikirin yana jiran babban bayit ya riga zuwa, ESP32 kuma ƙaramin yake ajiyewa a gaba, don haka dole ka musanya su kafin turawa.

Abin da ya fi koya min darasi shi ne juya hoto. Ma'adanar cip ɗin layi 320 gare ta, gilashin kuwa 240 kawai yake nunawa. Da na kifa hoton ta umarnin 0x36, sai kashi ɗaya cikin uku na sikirin ya cika da tarkacen ɗigo, rubutuna ya zame. Ƙara 80 a lambar layin da ake bai wa 0x2B, umarnin da ke zaɓar layukan da za a zana, shi ke nan komai ya koma mazauninsa.

Sauri ya gamsar da ni. Cikakken hoto bayit 115,200 ne, a gudun megahas 40 kuwa yana wucewa cikin milisakan 23 ko kusa da haka. ESP32 yana ɗaukar wannan a ma'adanarsa. Ƙaramin cip irin STM32F103C8 mai ma'adanar kilobayit 20 ba zai iya ba, sai dai ya riƙa turawa gutsure-gutsure. Ni ma yanzu lambar da ta canja kaɗai nake sake zanawa, ta hanyar DMA, wato tura bayani kai tsaye daga ma'adana, ƙyaftawar da nake gani da farko ta ɓace.

Zan sake sayensa don na'urar da sikirin kaɗai ke kan layin SPI. Amma aikina na gaba yana buƙatar katin SD a layi ɗaya, kuma tunda wannan ba shi da CS, duk abin da aka tura wa katin zai ɗauka nasa ne. A can mai ƙafar CS zan nema.