Hamstan Siriya ko ƙanana: wanda na kiwata da waɗanda na yi da-na-sanin saye

Hajiya, tsakanin babban hamsta (wata 'yar dabba mai kama da ɓera da ake kiwo a keji) da ƙananan nan da mai shago ya nuna miki, ki ɗauki babban, wanda ake kira na Siriya, kuma guda ɗaya tak, tunda yaro ɗan shekara goma ne zai riƙa kula da shi.

Namu ya yi shekara biyu da wata huɗu a hannunmu, kuma kusan iyakar kwanansu ke nan, domin ba kasafai suke haura shekara uku ba. Yara suka sa masa suna Mai Rumbu saboda halinsa: idan aka ba shi gyaɗa ko gero ba ya ci nan take, sai ya cusa a kumatunsa, waɗanda suke kamar jaka biyu da suka kai har kafaɗa, ya je kusurwar keji ya zazzage ya binne. A makon farko babu wanda ya ɗauke shi. Bayan sallar isha'i, idan ya farka, ɗana yakan sa hannu cikin kejin da 'yan ƙwayoyin gero a tafi ya yi tsit, kuma kafin kwana goma dabban da kansa yake hawowa ya zauna yana goge fuska da ƙafafun gaba. Girmansa ne ya sa ya dace da yaro, domin yakan kai santimita 13 zuwa 18, yana cika hannu, kuma ba ya zillewa kamar ƙananan. Sau ɗaya ya tsere mana, muka kwana biyu muna nema, ashe yana bayan buhun masara a sito, har ya tara nasa ɗan tsibin.

Yawancin na gida da ke duniya tsatson uwa ɗaya ce da 'ya'yanta da aka haƙo daga rami kusa da birnin Halab na ƙasar Siriya a 1930. A can kowanne da raminsa yake zaune, kuma zaman keji bai sauya wannan ɗabi'a ba: biyu idan suka balaga a wuri ɗaya sai sun yi faɗa, wani lokaci har ɗaya ya mutu. Kada tausayin kaɗaici ya sa ki haɗa shi da wani.

Ƙananan kuwa na taɓa sayen biyu, irin Campbell, ban kuma tsinci komai ba sai cizo a yatsa da tsuwwar faɗa cikin dare, har na raba su na kyautar. Ga su da saurin kamuwa da ciwon sukari, don haka ko ayaba ba a sakin hannu a ba su. Na Roborovski, wanda bai fi santimita biyar ba, abin kallo ne kawai, idan ya kuɓuce sai dai a bi shi da ido.

Abin da ya fi zaɓen iri muhimmanci a wurinmu shi ne zafi. Dabban nan ya fi jin daɗi tsakanin maki 18 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyos, alhali a Kano watan Afrilu kan kai 40, ga wuta ba tabbas. Ni ɗakin da ya fi sanyi a gidan na ajiye shi, a ƙasa, nesa da taga da mage, na kifa masa ƙaramin kasko mai ɓalli a baki ya zama ɗakinsa, na kuma sa tayil guda da yake miƙewa a kai da rana. Idan ɗakin kwano ne marar sili kawai kike da shi, gara ki haƙura da kiwon gaba ɗaya.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da wasu masu sayarwa. Za su ce sai an haɗa mace da namiji, alhali cikin na Siriya kwana 16 ne kacal, kafin ki ankara keji ya cika. Wasu kan ba da mace mai ciki ko tsohon da ya kusa ƙarewa, wasu kuma su miƙa wa wanda bai sani ba ɗan farin ɓera, don haka ki dubi wutsiya: ta hamstan Siriya guntuwa ce ƙwarai, da kyar ake ganinta. Kejin roba mai launi-launi da za su tallata miki ya yi kaɗan. Ki sa a haɗa miki mai tsawon mita ɗaya da faɗin rabin mita, da wilin gudu mai faɗin kusan santimita 28 don kada bayansa ya lanƙwashe. Ki je saye da yamma lis, lokacin da suke fara motsi, ki ɗaga wanda kika zaɓa ki duba ƙarƙashin wutsiyarsa. Idan wurin a jiƙe yake, zawo ne mai kashe 'ya'yan hamsta cikin 'yan kwanaki, kada ki ɗauki ko ɗaya daga wannan kejin.